Mamana, Ki Shuka Albasa

Mamana,

Saƙonki ya iso: an ba ajinku fangali a bayan makaranta, har kin yi wa ƙawayenki alkawarin Baba zai aiko da furen tulif daga Holan. To, ki yi haƙuri, ba zan aiko ba, kuma wallahi ba rowa ba ce.

Tulif ɗan sanyi ne. Wajen Oktoba ake binne kansa, ya yi wata uku ko fiye cikin sanyi irin na firji kafin ya yarda ya yi fure. A lambun Keukenhof na nan Holan kaɗai ana binne kusan miliyan 7 duk shekara, da hannu, a zo kallo mako takwas a watse. Hunturunmu na Sakkwato, duk da fasa leɓe da kaushin da yake sa mu, bai isa ya tashe shi ba.

Amma kin taɓa ganin furen albasa? Na san ba ki taɓa ba, tun ba ta kai nan ba muke cinye ta. Kakanki kuwa da ita ya riƙe gida, kada ki bari a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Idan damina ta ɗauke, ki roƙi Kawu ya kai ki kasuwar Ramin Kura. Ki zaɓi ja, mai tauri, wadda wuyanta ya bushe. Wadda kika danna ta lotsa, ki bar wa mai ita. Kawu ya ɗan sare samanta da wuƙa (shi, ba ke ba). Ku gauraya ƙasar da tsohon takin awaki, ku binne ta gindi ƙasa, kada ta yi zurfi. Ruwa daidai wa daida, in ya kwanta mata ruɓewa za ta yi. Ku kewaye fangalin da ƙaya, kin san awakin unguwa ba su san aikin makaranta ba.

Ba a jimawa lawashi zai leƙo. Sanyi na kamawa sosai za ki ga wasu karare masu rami a ciki sun zarce ganyen, kowanne da ƙullin kai. Nan fa ki sa ido kullum, don wata safiya ƙullin zai tsage, farin dunƙule ya fito, ƙananan furanni fiye da ɗari a manne da juna. Ƙudaje da ƙudan zuma za su yi masa caa. Kada ku kore su, su ne ke kai garin wannan fure ga wancan, in babu su iri ba ya kamawa da kyau. Zafi na shigowa ya bushe, ki murje shi a tafi, baƙin iri ya zubo.

Ku binne da yawa, don ku riƙa tone ɗaya lokaci-lokaci kuna zana ta a littafi. Za ki ga kan yana motsewa, furen yana girma; abincin da ta tara ne take ciyar da shi.

In malama ta yarda, ku je Kwalkwalawa, kan hanyar jami'a, ku ga yadda masu lambun fadamar Rima ke dashe. Ki gaishe su da ladabi, ki yi ta tambaya. Ki gaida Umma, ki ce ta ɗaukar mini hoton fangalin ranar da kuka shuka.

Babanki