Daga Kano Zuwa Jidda

Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz a Jidda akwai kusan kilomita 3,400. Idan jirgi ya miƙe ta saman Chadi da Sudan ya tsallaka Bahar Maliya, awa biyar ba ta cika ba ya sauka. Agogon Saudiyya kuwa yana gaban namu da awa 2, shi ya sa lissafin kan rikita maniyyaci: tikiti na nuna kamar tafiyar awa bakwai ce, a dawowa kuma kamar uku.

Nakan daɗe ina kallon layin nan a taswira. Ƙasar da jirgi ke ratsawa kafin fasinja ya gama gyangyaɗi, ita ce kakanninmu suka taka da ƙafa, ta Borno da Wadai da Darfur har gaɓar Sawakin. Wani ya yada zango ya yi noma damina biyu don neman guzuri, wani ya yi aure a hanya, wani bai ƙarasa ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu mutanenmu ne suka kafa shi, waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903.

Ni dai ban cika yarda da awannin da ake bugawa a tikiti ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai da jiragen alhazan shekarar suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, kuɗin jigila ma ya tashi.