'Yancin Tsayawa a Gefen Hanya

A ƙasashen Turai akwai wata irin mota mai ɗauke da gado da murhu da tankin ruwa. Iyali kan shige ta su bi gaɓar teku ko gindin tsaunuka, duk inda rana ta faɗi musu nan ne masauki. Abin da nake sha'awa a wannan al'ada shi ne mutum ya tsaya inda ya ga dama, ya kashe inji, ya kwana ba fargaba.

Mu a Kaduna teku ta yi mana nisa, amma Allah bai hana mu duwatsu ba. Daga gidana a Barnawa, in na bi ta Sabon Tasha na ɗauki hanyar Kachia, tun daga Kajuru duwatsu ke fara tarbata. Gaba akwai tsaunukan Kagoro, inda ake bikin Afan ranar 1 ga Janairun kowace shekara, da magangarar ruwan Matsirga kusa da Kafanchan. Ta wajen Kwoi kuma ga ƙauyen Nok, inda masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, aikin hannun mutanen da suka rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Na bi wannan hanya ina saurayi, muna tsayawa mu sayi citta da zuma, mu yi salla a inuwar dutse. A 'yan shekarun nan kuwa, matafiyi kan yi sammako, ya taka mota, idonsa na kan daji saboda masu garkuwa da mutane. Wanda ke gudu ba ya ganin ƙasa, ba ya kuma gaisawa da mutanenta.

Wannan asara ta fi ta yawon buɗe ido. Tun rikicin shekarar 2000 Kogin Kaduna ya zama kamar iyaka tsakanin mazauna birnin. Ɗalibaina da yawa sun san tsaunukan Turai ta waya, amma Kudancin Kaduna sai a labarin tashin hankali suke jin sunanta. Wanda ba ka taɓa shan ruwan randarsa ba, da sauƙi a ce maka maƙiyinka ne.

Don haka idan hukuma ta ce tsaro ya inganta, ma'aunina ɗaya ne: ranar da malami zai cika bas da ɗalibai, Musulmi da Kirista, su kwana a gindin dutsen Kagoro, iyayensu kuma su yi barci.