Bayan Ɗori Akwai Jinya

Ƙarfe biyu na dare ya gota lokacin da wani matashi a Jega ya kammala sabunta rumbun bayanan wani kantin magani mai rassa a Aliero da Maiyama. Rumbun na PostgreSQL ne, kuma manhajar pg_upgrade ta kwashe komai zuwa sabon zubi, ko layi guda bai salwanta ba. Allon ya nuna an gama. Man janareta na neman ƙarewa, sai ya kashe kwamfuta ya nufi gida.

Da hantsi mai kula da reshen Maiyama ta kira shi. "Malam, rasit ya ƙi fitowa da wuri, ga mutane har bakin titi."

Kafin zubi na 18, wanda ya fito a Satumban 2025, pg_upgrade ba ta ɗauko ƙididdigar da rumbun ke dogaro da ita wajen zaɓar gajeriyar hanya zuwa ga bayanin da aka nema. Sai an sake tattara ta da umarnin vacuumdb, in ba haka ba rumbun lalube yake yi. Manhajar ta faɗa masa hakan, ba ta ɓoye ba. Sai dai ta faɗa ne a ƙarƙashin albishir ɗin an gama, cikin lafazin shawara, kamar aikin da za a yi in an sami sarari. Dab da shi kuma ga umarnin goge tsohon rumbun, wanda in an zartar babu komawa. Ɗaya na gaggawa, ɗaya mai haɗari, amma da murya guda aka furta su ga mutumin da barci ya ci ƙarfinsa.

Duk wanda ya taɓa raka mai karaya wurin masu ɗorin Aliero ya san ba a sallamar majinyaci da cewa an ɗora kawai. Ana ja masa kunne kada ya taka ƙafar, a sa masa ranar dawowa, a maimaita wa ɗan rakiya, domin mai raɗaɗi ba ya riƙe magana.

Haka ya kamata manhaja ta yi sallama. Abin da ya wajaba kafin a buɗe wa jama'a ya zo a sama, tare da illar barinsa. Gogewa ta koma can gefe, da gargaɗin a dakata har sabon rumbun ya tabbata. A kuma ajiye jerin a fayil, don allo ba ya kwana da rubutu.

Matashin ya zartar da umarnin daga Jega. Kafin azahar layin Maiyama ya watse. Tsohon rumbun kuwa sai bayan mako biyu ya goge shi.