Tikitin Jimla ko na Ɗaiɗai: Lissafin Iyali Kafin Jirgin Maraɗi

Layin dogon da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 zai taso daga Kano, ya ratsa Daura da Katsina da Jibiya, ya tuƙe a Maraɗi. Bai bi ta Batsari ko Safana ba, amma Jibiya maƙwabciyar Batsari ce, kuma gidaje da dama suna da dangi a tsallaken iyaka: wasu aure ya kai su, wasu ɓarnar 'yan bindigar dajin Rugu ta kore su. Abin da zai dami magidanci shi ne yadda za a ƙirga 'ya'yansa. A motar haya yaro kan zauna a cinyar uwarsa, jirgi kuwa kujera yake sayarwa.

Turai ta daɗe da wannan lissafi. Baƙo yana iya sayen Eurail, tikitin jimla mai aiki a ƙasashe 33 na kwanakin da ya zaɓa, kuma kowane babba yana tafiya da yara biyu 'yan shekara 4 zuwa 11 kyauta. Sai dai jirage masu gudu irin su Eurostar da TGV, da masu tafiyar dare, sai an kama kujera da kuɗi daban, har ta yaran. Tikitin ɗaiɗai yana da rahusa idan an saya da wuri, amma mafi arharsa galibi ba ya karɓar sauyin rana sai da tara. Wanda ya tsayar da rana da zango guda, ɗaiɗai ya fi masa. Mai zango da yawa ko ranar da ba ta tabbata ba, jimla ce tasa.

Mutumin Safana yana tsakanin biyun. Zangonsa ɗaya ne, amma ranarsa ba a hannunsa take ba. Biki ana sa masa rana, rasuwa ba ta sallama. Labarin hanya kan hana fita, kuma an rufe iyakar a 2019 da 2023. Abin da zai dace da shi tikitin iyali ne mai sassauci ga yara, wanda ba ya ƙayyade ranar dawowa. Idan aka tsaya ga ɗaiɗai kawai, mai 'ya'ya shida zai haɗa kuɗin motar zuwa Katsina da kujeru takwas, ya koma tasha neman motar Jibiya.