Kafin ka sayi fitilar gaba ta keke

Wannan rubutu na masu keke ne, musamman waɗanda dare ke riska a hanya: mai gadin da zai kama aiki bayan isha'i, telan da ba ya rufe shago sai ƙarfe goma, ɗalibin da ya taso daga karatun dare, da duk wanda tsadar mai ta mayar kan sirdi tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Ka tsaya a bakin Titin Zariya ko Zoo Road a Kano bayan magariba ka lura. Wani ya ɗaure tocila da robar tayar keke, wani yana riƙe da waya a hannu ɗaya, wani kuwa ba komai, sai dai ka ji ƙararrawa a bayan kunnenka. Waɗanda suka yi niyyar sayen fitilar gaske kuma, da yawansu lambar da ke jikin kwali ce ke rinjayarsu.

Ga yadda cinikin ke kasancewa. Ka ce kana son fitilar keke, mai shago ya zaro kwali mai walƙiya. "Maigida, ga wadda za ta yi maka. Lumen dubu goma ce. Idan ka haska mutum da ita, wallahi sai ya tsaya." Ya kunna maka ita a fuska da rana tsaka, ka runtse ido, ka ce lallai wannan ta kai. Abin da ya yabe ta da shi, shi ne babban aibinta a titi. Amma bari mu fara da lambar.

Lumen awo ne na jimillar hasken da fitila ke fitarwa. Ƙwan fitilar mota irin na da, wato halojin, yana ba da kimanin lumen 1,000 zuwa 1,600. To ta yaya ɗan abin da bai wuce yatsu biyu ba zai ninka shi sau goma? Lissafin ba shi da wuya. Yawancin waɗannan fitilu batir ɗaya ne a cikinsu, mai lamba 18650. Nagari daga cikinsu ba ya wuce mAh 3,500, wato wajen wat 12 na awa guda. Kafin ƙwan LED ya ba da lumen 1,000 na gaskiya, sai ya ci kusan wat 8 zuwa 10. Ke nan cikakken haske ba zai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba. Duk kwalin da ya yi maka alkawarin lumen 10,000 na tsawon awa takwas, ko batirin da aka rubuta wa mAh 9,900, ka ajiye shi inda ka ɗauko shi. Ka ma auna nauyinsa a tafin hannu: batiri na gaske yakan kai giram 45, na bogi sai ka ji shi sakayau.

Abin da ya fi lamba muhimmanci shi ne inda hasken ke sauka. Tocila tana jefa haske a zagaye, rabi a ƙasa, rabi a sama da idanun mutane. A daji wannan ba laifi ba ne, don kana son ganin rassan bishiya. A gari kuwa hasken da ya tashi sama asara ce, kuma haɗari ne a kanka. Kowa ya san baƙin cikin direban da ya sako maka ful-layit ya ƙi ragewa: na ɗan lokaci ba ka ganin komai sai fari. Idan kai ka yi wa ɗan adaidaita sahu haka a lungu mai faɗin mota ɗaya, ba ya ganin kwatar da ke gefensa, ba ya ganin yaron da ke tsallakawa, kuma kai kanka ba ya iya tantance inda ka tsaya. Shi yana cikin ƙarfe, kai kana kan taya biyu. Wa zai ji jiki?

Jamusawa sun daɗe da magance wannan a dokar hanyarsu da ake kira StVZO. Fitilar keken da ta cika ƙa'idarsu tana yanke haske daga sama kamar dim na mota, ta shimfiɗa shi a kan kwalta, kuma a lux suke auna ta, wato yawan hasken da ya sauka a wuri daga nisan mita 10. Za ka ga alamar a jikinta: ɗan layi mai lanƙwasa, harafin K, sai lamba. Irin wannan fitila mai lumen 300 takan nuna maka hanya fiye da tocila mai 800, domin ba ta ɓarnatar da komai a iska. Idan ba ka same ta ba, ka gwada wadda ke gabanka a bango. Ka nemi mai shimfiɗa haske a faɗi, ba mai tara shi a ɗigo ɗaya mai zafi ta bar gefe da duhu ba. Akuya ba ta fitowa daga gaba, daga gefe take faɗowa.

Nawa ya isa? Ya danganta da inda kake bi. A babban titi mai fitilun kan hanya, aikin fitilarka shi ne a gan ka, lumen 200 zuwa 300 sun wadatar. Amma wa zai rantse cewa fitilun titi za su kasance a kunne gobe? Kuma da zarar ka saki kwalta ka shiga lungunan Ɗorayi ko Kurna, inda akwai ramuka, kwatoci marasa murfi da tarin yashin masu gini, kai ne ke buƙatar gani. Mai tafiyar kilomita 20 a awa yana cin mita biyar da rabi a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani, hannu ya kama birki, keke ya tsaya, an ci wajen mita 10 ko fiye. Don haka sai ka iya ganin rami tun daga mita 15 zuwa 20. Lumen 400 zuwa 600 na gaskiya, masu kyakkyawan shimfiɗi, za su yi wannan aiki. Ka zaɓi mai matakai, ka rage a titi, ka ƙara a lungu.

Lokacin hunturu akwai ƙarin dalilin sunkuyar da fitilar. Ƙurar da ke rataye a iska tana mayar maka da hasken da ya tashi sama, ka ga kamar an sako farin labule a gabanka. Ƙara ƙarfi ba ya magani, sai dai ka karkatar da ita ƙasa.

Sai batun ƙyaftawa. Samari na son ta, kuma da rana ko da almuru tana jan hankalin direba. Amma a duhu sosai tana wahalar da mai tahowa wajen gane nisanka, kai ma hanya na ɓace maka tsakanin ƙyaftawa da ƙyaftawa. A Jamus ma ba a yarda da ita a fitilar gaba ba. Da dare ka bar hasken a tsaye.

Maganar caji kuwa, kowa ya san halin wutarmu. Fitila mai cajin USB tana da daɗi, don cajar wayarka ko mai caji na bakin layi sun ishe ka. Ka tambayi awa nawa take yi a matsakaicin haske, ba a mafi ƙanƙanta ba, kuma ka nemi mai alamar da ke nuna batir ya kusa ƙarewa. Wadda ake iya cire batirinta a sa wani ta fi daɗewa a hannu. Kada ka bar ta a kan keke cikin ranar Afrilu, zafi na kashe batirin litiyom. Iyayenmu masu kekunan Raleigh da Phoenix ba su san wannan damuwa ba, saboda dinamon da ke gogar taya, mai bolt 6 da wat 3. Aibinsa biyu ne: ka tsaya a mahaɗa haske ya mutu, ruwa ya sauka ya riƙa sulɓewa. Dinamon zamani da ke cikin cibiyar taya ya gyara duka biyun, kuma fitilar LED ɗinsa takan riƙe haske na 'yan mintuna bayan ka tsaya. Da tsada, amma mai hawa kullum ba zai yi nadama ba.

Ka duba mariƙin fitilar da kyau, don nan ne araha ke tona kanta. Roba mai laushi, rami uku za ka faɗa fitilar ta koma kallon taya ko kallon sama. Ka ɗaura ta a gaban mai shago ka jijjiga. A lokaci guda ta zama mai saurin cirewa, yadda za ka zare ta ka jefa aljihu idan ka shiga masallaci ko ka zauna wurin mai shayi. Saboda damina, ka nemi alamar IPX4 ko sama da haka, kuma ka tabbata murfin wurin caji na rufuwa sosai. Jiki na alminiyom ya fi na roba fitar da zafi. Mai ɗan haske ta gefe ta fi, domin a mahaɗa motar da za ta buge ka ta gefe take zuwa. Fari a gaba, ja a baya, haka tsarin yake a duniya. Kada ka kashe kuɗinka duka a gaba ka bar bayanka a duhu.

Bayan ka saya, saura aikin minti biyu da yawancinmu ba ma yi. Ka tsayar da keke mita 5 daga bango, ka kunna. Tsakiyar hasken ta sauka a rabin tsayin da fitilar take daga ƙasa. Tsohuwar ƙa'idar Jamus ke nan, kuma har yau tana da amfani. Sannan ka ba wani ya riƙe maka keken, ka yi taku ashirin, ka juyo ka kalle ta kamar kai ne mai tahowa. Idan ka runtse ido, sunkuyar da ita. Hanya ta kowa ce, kuma mai tahowa yana da haƙƙin ya ga gabansa kamar yadda kake son ganin naka. Wanda ya san mai keken da ke tafiyar dare, ya tura masa wannan. Allah ya kai kowa gida lafiya.