Mahaɗa

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Mu da muke koyon aikin eriya a nan Jalingo mun ga gaskiyar maganar a wani ɗan wuri da bai kai faɗin farce ba, wato inda waya take haɗuwa da eriya.

A shekarun da suka biyo bayan 1991, lokacin da aka fitar da Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola, a kan doguwar gora ake ɗaure eriya. Idan hoton talabijin ya yi dishi-dishi, yara sukan ruga su yi ta juya gorar, amma mai gyara in ya zo, bakin waya yake fara dubawa. Mu a yau cikin kwamfuta muke fara gina tamu eriyar, da manhaja irin su HFSS da CST, kafin mu taɓa tagulla. Darasin kuwa bai sake ba.

Ita wannan waya hawa uku ce: zuciya ta tagulla a tsakiya, farar roba da ta lulluɓe ta, sannan sulken ƙarfe daga waje. Oliver Heaviside ne ya yi rajistar fasaharta a Ingila a 1880. Turjiyar da take yi wa saƙo ana auna ta da om: ta talabijin 75 ce, wadda muke aiki da ita kuwa 50. Wannan adadi ya dogara ne ga kaurin zuciyar, da faɗin sulken, da irin robar. Idan Teflon ce, dole faɗin sulken ya ninka kaurin zuciyar sau uku da 'yar ɗoriya, in ba haka ba wani kaso na saƙon ya juyo da baya.

Eriyar da muka fi zanawa ɗan falle ne na tagulla a kan allo, da wani fallen a ƙarƙashinsa, zuciyar waya tana ratsowa daga ƙasa. Zane kan yi kyau, amma sakamako ya nuna duk ƙarfin da aka tura ya dawo. To, a nan mukan bi abin daki-daki. Shin an huda fallen ƙasa domin zuciyar ta wuce ba tare da ta taɓa shi ba? Ta kai ga fallen sama, ko da sauran tazara? Ƙofar da manhaja take shigo da saƙo ta rufe robar duka, daga zuciya har sulke? A ina aka soka wayar? Domin a tsakiyar fallen turjiya kusan sifiri ce, a bakinsa kuwa tana da yawa. Om 50 yana tsakani. Ba mu samun natsuwa sai abin da yake dawowa ya gaza kashi ɗaya cikin goma.

Abin tsoron shi ne, kwamfuta ba ta gardama. Duk abin da aka zana mata shi za ta lissafa, ta kawo amsa cikin launuka masu ɗaukar ido. Ɗalibin da ya gaskata launi yana iya kashe kuɗin allo da dalma, ya kai aikinsa na shekarar ƙarshe gaban malamai, eriya ta yi shiru. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Bugu da ƙari, jiharmu ƙasar duwatsu ce. Mutumin ƙauyen da ke bayan tsaunukan Mambila, wanda yake hawa tudu neman layin waya, ba shi da rarar saƙon da za a zubar a mahaɗa. Saboda haka duk ɗan ƙarfin da muka hana dawowa baya, nasa ne. Allah ya ba mu haƙurin duba ƙananan abubuwa, amin.