Cibiya Muka Tsare, Ƙaba Muka Ɓoye

Tun kafin a yi arba'in ɗin ɗana na biyu, a gidan da muke haya a Agege, nan Ikko, babu matar da za ta ɗauke shi ba ta yi maganar cibiyarsa ba. In ya yi kuka sai ta kumburo kamar goro. Gwaggona, wadda ta zo daga Katsina don wankan jego, ta kwance bakin zanenta ta fito da wani tsohon kwabo, ta ɗora a kai, ta ɗaure da tsumma. Kullum sai an kwance an duba.

Ashe inda muka zuba ido ba nan haɗarin yake ba. Da yaron ya kai wata huɗu, uwarsa ta lura da wani kumburi a matsematsinsa na dama, wanda kan fito in yana kuka, ya ɓace in ya yi barci. Kunya ta hana ta faɗa wa Gwaggo, ni ma sai bayan mako biyu na ji. Da na ji kuwa, ni da ake ganin ɗan boko ne, cewa na yi a bari ya ƙara girma.

Wani dare ya dinga tsala kuka, ya ƙi nono, ya fara amai. Kumburin ya yi tauri, ya ƙi komawa. Wani maƙwabcinmu mai sana'ar fawa a Oko-Oba ya ɗauke mu a motarsa zuwa asibitin koyarwa na Ikeja. Likita ya lallaba ya mai da hanjin ciki, bayan kwana biyu aka yi aiki.

A nan na koyi abin da nake so mai karatu ya riƙe. Kumburin cibiya ya yawaita ga 'ya'yanmu, kuma galibi yakan rufe da kansa kafin shekara 4 ko 5. Kwabo ba ya ƙara masa kome, sai dai ya ci fata. Amma ƙabar matsematsi, wadda in ta sauka maraina muke kira gwaiwa, ba ta warkewa sai da aiki. Asalinta wata 'yar hanya ce da maraina suka bi suka sauko tun yaro yana ciki, ba ta rufe ba, hanji yake leƙowa ta nan. Ta fi kama maza da bakwaini, amma mata ma ba su tsira ba. In hanjin ya maƙale jini yakan yanke masa, cikin sa'o'i kaɗan ya lalace. Saboda haka kowane kumburi, ko na cibiyar ne, in ya yi tauri, ga ciwo ga amai, lalle ba a jiran wayewar gari, balle a nemi wanzami.

Yanzu yaron yana shekara uku, tabon ma sai an duba da kyau. Cibiyar ta shige tun bara. Har gobe Gwaggo cewa take aikin kwabonta ne, ni kuwa ban taɓa yi mata musu ba.